Fitilar ƙofar gida mai karɓar umarni daga waya: za ta iya nuna wa baƙo gidan da yake nema?

“Assalamu alaikum Injiniya. Mun koma wani sabon rukunin gidaje inda duk gidajen layinmu iri ɗaya ne, fenti ɗaya, ƙofa ɗaya. Da rana da ɗan sauƙi, amma da daddare baƙi da masu kawo saƙo sai sun wuce mu sun dawo, wasu ma maƙwabta suke ƙwanƙwasa wa. Na ga ana tallar kwan fitila mai canza launi da ake sarrafawa da waya. Idan na sa shi a ƙofar gida zai magance matsalar? Wanne zan saya, kuma yaya zan saita shi ya riƙa kunna kansa idan baƙo ya kusa?”

Wa'alaikumus salam, Malama. Abu uku kike son sani: ko fitila mai launi tana taimaka wa baƙo ya gane gida, wace iri ce ta dace da waje, da kuma yadda za ta san lokacin da baƙon ya kusa. Amsar ta farko ita ce e, tana taimakawa ƙwarai, kuma nakan ba da shawararta ga masu zama a irin layinku. Sai dai kwan mai launi rabin aikin yake yi. Ɗaya rabin na lambar gida ne, kuma shi mutane suka fi sakaci da shi. Tambayarki ta uku kuwa ita ce wadda masu talla suka fi zuzutawa, alhali a aikace ita ce mafi ƙarancin amfani.

Inda baƙo yake ɓacewa

Baƙonki ba a gari yake ɓacewa ba, taswirar wayarsa tana kawo shi har layin. A mita talatin ko hamsin na ƙarshe ne abin yake rikice masa. Wayar salula tana gane inda take da kuskuren kimanin mita biyar idan sarari a buɗe yake, kuma kuskuren yana ƙaruwa tsakanin dogayen gine-gine. Ga kuma matsalar taswirar kanta: sau da yawa ba ta san takamaiman wurin kowane gida ba, farkon layi da ƙarshensa ta sani, sai ta rarraba lambobin a tsakani da kintace. A sabon rukunin gidaje ma wani lokacin lambobin ba su shiga taswirar ba tukuna.

To ki duba halin da direban yake ciki. Yana tafiya, idonsa na kan hanya, fitilun motarsa gaba suke haskawa ba gefe ba, kuma abin da yake da shi na waiwayar kowace ƙofa bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. Abu biyu yake buƙata, ɗaya bayan ɗaya: wani abu da zai ja idonsa tun daga nesa ya rage gudu, sannan wani abu da zai tabbatar masa cewa nan ne kafin ya sauka ya ƙwanƙwasa. Launi ne ke yin na farko, lamba ke yin na biyu. Shi ya sa idan aka kira ni irin wannan aikin nake sa fitila biyu daban, ba na ɗora wa kwai ɗaya aiki biyu.

Ki fara da lambar gida

Abin da na fi tararwa shi ne fitila mai tsananin haske an kafa ta daf da lambar, kwan a tsirara yana kallon titi. Mai gida yana ganin ya haskaka ƙofarsa, amma wanda ke tahowa daga titi hasken ne kawai ke dukan idonsa. Ido yana daidaita kansa da abin da ya fi haske a gabansa, sai lambar da ke gefe ta nutse cikin duhu. Ƙara ƙarfin kwan ƙara lalata abin yake yi. Gyaran shi ne a sa fitilar a saman lambar, da rumfa a kanta, tana zuba haske ƙasa a kan lambar ba tare da an ga kwan daga titi ba. Ko kuma a sayi lamba mai haske daga bayanta.

Girma ma yana da muhimmanci. Dokar kariya daga gobara da ake bi a wurare da yawa a Amurka ta ce tsayin lambar gida kada ya gaza inci 4, wato kimanin santimita 10, kuma launinta ya bambanta da na bangon da take kai, domin 'yan kwana-kwana su iya karantawa daga titi. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Idan akwai tazara tsakanin ƙofarki da titi, ki je santimita 15 ko fiye. Fara a kan baƙi ko baƙa a kan fari, ba ruwan zinare a kan bango mai ruwan ƙasa ba, duk kyan da zai yi da rana. Sannan lambar da aka manna a jikin bango ba ta karantuwa sai mutum ya zo daidai gabanta, lokacin da ya riga ya fara wucewa. Idan dokar rukuninku ta yarda, ƙaramin allo mai fuska biyu da ke fuskantar masu tahowa daga kowane ɓangare ya fi ta nesa ba kusa ba.

Wannan fitilar ta lamba ki bar ta fara, mai ɗan ɗumin launi, wadda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinta. Irinta ba ta tara ƙwari kamar mai shuɗi-shuɗin haske. Ba ta ma buƙatar waya ko intanet. Ƙaramar na'urar gane duhu, wadda ke kunna fitila da faɗuwar rana ta kashe ta da wayewar gari, ta wadatar, kuma ba ta san wani abu wai shi yankewar sadarwa ba.

Zaɓen launi

Launin da ya fi kowanne shi ne wanda babu shi a layinku. Kafin ki sayi komai, ki fita da daddare ki taka daga farkon layin zuwa ƙarshensa, ki ga abin da maƙwabta suka kunna. Idan duk farare ne, kusan kowane launi zai fito. Idan akwai mai koren allo ko shago mai jar fitila, kin san abin da za ki kauce wa.

Akwai abin da kwalin ba zai gaya miki ba. Idan an rubuta lumen 800, wato kwatankwacin tsohon kwai mai wat 60, wannan ƙarfin farin haskensa ne. Da zarar kin mayar da shi launi tsantsa, wani ɓangare ne kawai na ƙananan fitilun da ke cikinsa yake aiki, sai hasken ya ragu sosai. Kore ne ya fi tsira, domin idon ɗan Adam ya fi jin haske a wajen kore mai ɗan ɗorawa. Shuɗi shi ne mafi rauni, kuma ido ba ya iya tsayar da shi sosai daga nesa, shi ya sa rubutun shuɗiyar fitila yake yi wa mutum hazo-hazo. Ja kuwa yana dusashewa a ido cikin duhu, yana cuɗanya da fitilun birkin motoci, kuma a wurare da yawa jar fitila a ƙofa tana da ma'anar da ba za ki so a danganta gidanki da ita ba. Ni dai kore nake fara gwadawa, idan bai yiwu ba sai shunayya mai haske ko ruwan hoda, domin da wuya a same su a titi.

Kada kuma ki dogara da sunan launi kawai. Akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore, kuma maza ne suka fi yawa a cikinsu. A tsakanin mutanen da asalinsu Arewacin Turai ne ya kai kusan namiji ɗaya cikin 12. A wasu al'ummomin bai kai haka ba, amma babu inda ba a samun su. Idan kika ce wa irin wannan direban “gida mai koren fitila”, ba ki ba shi komai ba. Abin da zai taimake shi shi ne motsin hasken.

Gefen ido yana saurin kama abin da ke canzawa fiye da abin da ke tsaye, don haka fitilar da ke ƙaruwa tana raguwa a hankali tana jan hankalin direba ko da titi yake kallo. A hankali na ce: ta cika ta dushe cikin daƙiƙa biyu ko uku, kamar numfashin mai barci. Ƙiftawa da sauri tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu, shi ya sa ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet suke bi ta hana abin da ke walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya. Ki tsaya can ƙasa da wannan iyakar. Kuma ko da wasa kada ki sa ja da shuɗi suna karɓa-karɓa. Ƙasashe da yawa sun keɓe wannan ga motocin 'yan sanda da na agajin gaggawa, kuma ko doka ba ta yi magana ba, za ki tayar wa layi da hankali a banza.

Wata dabara da ke ninka amfanin kwai ɗaya: ki haska fili da shi. Kwai guda daga nesa ɗigo ne kawai a cikin sauran ɗigogin fitilu. Amma idan aka karkata shi ya wanke farin bango ko ginshiƙin ƙofa da launi, sai a ga faffaɗan abu mai launi, wanda ba ya ɓuya. Zaren fitila da ake shimfiɗawa a saman ƙofa ko gefen katanga shi ma yana yin wannan aikin da kyau.

Wanne za ki saya

Ba sunan kamfani za ki fara dubawa ba, hanyar da kwan yake magana da wayarki za ki duba. Mai Bluetooth kaɗai ki bar shi a kanti: nisansa bai wuce mita goma ba idan akwai bango, kuma ba za ki iya kunna shi ba idan ba kya gida. Mai Wi-Fi, irin su Tapo da WiZ da LIFX, ba ya buƙatar wata ƙarin na'ura, kuma ga mai son kwai ɗaya ko biyu shi ne mafi sauƙi. Sharaɗinsa shi ne siginar ta kai ƙofa. Yawancinsu a zangon 2.4GHz kawai suke aiki, don haka ki tabbata na'urar Wi-Fi ɗinki tana ba da shi, sannan ki tsaya da wayarki daidai inda fitilar za ta zauna ki ga ƙarfin siginar. Ki tuna cewa gidan fitila na ƙarfe yana rage ta, abin da kika gani a waya ya fi abin da kwan zai samu.

Idan ƙofar tana da nisa, masu amfani da Zigbee ko Thread, wato wasu hanyoyin sadarwa marasa waya na kayan gida, sun fi. Philips Hue, wanda ya fito a 2012, da fitilun IKEA suna cikin wannan rukunin. Suna buƙatar ƙaramin akwatin haɗi a cikin gida, amma kowane kwai da ke jone da wuta yana miƙa wa na gaba saƙo, ta yadda kwai ɗaya a baranda zai zama gada zuwa na bakin ƙofa. Idan kin ga alamar Matter a kwali, tsarin bai ɗaya ne da aka fitar a 2022 domin kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki da manhajojin sarrafa gida irin su Google Home da Alexa da Apple Home ba tare da rigima ba. Ina fifita abin da zai ci gaba da aiki a cikin gida ko intanet ta yanke, ko ma kamfanin ya rufe. Wannan ba tsoro ne na banza ba: a watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon, mai ƙera irin waɗannan kayan, ya kashe sabarsa, wato kwamfutocin da manhajarsa ta dogara da su, ba zato, manhajar dubban gidaje ta daina aiki har sai da wasu suka sayi kamfanin suka dawo da ita.

Don waje, ki duba lambar IP da ke jikin kwali, wadda ke nuna yadda fitila take jure ruwa da ƙura. IP44 yana jure fantsamar ruwa, ya isa a ƙarƙashin rumfa. Inda ruwan sama da ƙura suke dukan fitila kai tsaye, IP65 ake so. Kwan cikin ɗaki yana iya zama a waje idan gidan fitilar ya kare shi daga ruwa, sai dai rufaffen gida yana tara zafi, zafi kuma shi ne ke gajarta ran ƙananan kayan lantarkin da ke gindin kwan.

Sai abin da ya fi kashe wa mutane gwiwa: makunnin bango. Kwan nan yana buƙatar wuta a kowane lokaci domin ya ji umarni. Da zarar wani a gida ya kashe makunnin bisa sabo, shi ke nan, kina taɓa waya babu abin da ke faruwa, baƙo kuma yana ta zagaye. Ki rufe makunnin da murfi, ko ki sa mai gyaran wuta ya haɗa layin kai tsaye. Abin da yake ci yana jiran umarni kaɗan ne, galibi bai kai wat ɗaya ba. Kada ki haɗa shi da makunnin rage haske, ba sa jituwa. Ki kuma shiga manhajar ki saita abin da zai yi idan an ɗauke wuta an dawo da ita, domin da yawa suna tashi da cikakken farin haske ko da tsakar dare ne.

Akwai kuma ƙananan na'urori irin su Shelly da Sonoff da ake ɓoyewa a bayan makunni, su mayar da fitilar da kike da ita mai jin umarnin waya. Suna warware matsalar makunni, amma ba sa ba da launi, yawancinsu suna buƙatar wayar wuta ta nutiral a cikin akwatin makunnin, kuma aikin mai gyaran wuta ne, ba na gwaji da hannu ba.

Ta yaya za ta san baƙo ya kusa

Gaskiyar magana, ba za ta sani ba sai an gaya mata. Saitin da ke kunna fitila idan mutum ya kusanci gida yana aiki ne da wayar da aka sa wa manhajar gidan aka kuma ba ta izinin bibiyar inda take. Ke da mutanen gidanki zai yi wa amfani. Ba za ki ce wa mai kawo saƙo ya sauke manhajarki ba, kuma bai kamata ki ba baƙo damar shiga tsarin gidanki saboda ziyara ɗaya ba. Na'urar gano motsi ita ma ba ta warware wannan ba: nisanta kimanin mita goma ne, ba ta kunnawa sai mutum ya riga ya iso, kuma duk mai wucewa, har kyanwa, zai tayar da ita. Tana da amfani wajen haskaka hanya daga ƙofar waje zuwa ta ciki, wannan kuma wani aiki ne daban.

Abin da nake saita wa mutane mai sauƙi ne. A cikin manhajar ki ƙirƙiri yanayi guda ki sa masa suna “Baƙo”: fitilar ƙofa ta koma kore tana numfashi a hankali, ta baranda ta cika haske, bayan minti ashirin ko talatin komai ya koma yadda yake da kansa. Wannan komawar kada ki tsallake ta, domin za ki manta, maƙwabcin da tagarsa ke kallon ƙofarki kuwa ba zai manta ba. Baƙo ya ce ya shigo unguwa, ki taɓa sau ɗaya. Idan ya turo miki wurin da yake kai tsaye ta WhatsApp, wanda ke ba da zaɓin minti 15 ko awa 1 ko awa 8, kina ganin ya kusa sai ki kunna. Na fi son a ƙara da ƙaramin maɓalli marar waya a manna shi kusa da ƙofar falo, domin yaro ko dattijo ya iya dannawa ba sai ya nemi wayar kowa ba. Masu sha'awar zurfafawa suna iya amfani da manhajar sarrafa kayan gida mai suna Home Assistant su haɗa fitilar da kalandarsu, ta kunnu minti goma kafin lokacin ziyara. Yana aiki, matuƙar baƙin naki masu cika lokaci ne.

Fitilar ba ta da ma'ana ga wanda ba a gaya masa ba, don haka ki ajiye gajeren saƙo a waya da za ki riƙa turawa: lambar gida, hannun dama ko hagu idan an shigo daga babban titi, da “za ka ga koren haske yana ƙaruwa yana raguwa a ƙofa”. Ki haɗa da wurin da kika sa alama da hannunki a taswira, ko lambar Plus Code ta Google Maps, wadda ke nuna takamaiman wuri ko da layin ba shi da suna. Wanda kike jira kaɗai za ki tura wa. Kuma kada ki mayar da launin abin kullum, yana kunne idan kuna nan, a kashe idan kun yi tafiya, domin duk mai lura zai karanta shi. Fitilar lamba ta riƙa kunnuwa kowane dare ko kuna nan ko ba kwa nan.

Maɓallin nan na ƙofar falo yana da wani amfani da ya fi na ziyara. Ranar da aka kira motar asibiti ko ta kashe gobara cikin dare, mintunan da direba zai ɓata yana neman ƙofa suna da tsada. Ki koya wa kowa a gidan: an gama kira, a danna maɓallin, a gaya wa wanda ya ɗauki kiran alamar da za su gani.

Inda dabarar take tsayawa

Da rana ba ta aiki. Hasken rana yana haɗiye kowane kwan gida, a nan lamba babba da wata alama da ake gani, kamar launin ƙofa, su ne abin dogaro. Idan an ɗauke wuta, kwan da na'urar Wi-Fi duk suna mutuwa tare, sai dai in suna kan batir. Don haka nake son lambar ta zama mai sheƙi idan fitilar mota ta haska ta, ko mai ƙaramin faifan sola nata na kanta. Wasu rukunonin gidaje suna da doka a kan abin da za a sa a fuskar gini, ki tambayi masu kula da naku kafin ki huda bango. Idan dabarar ta burge maƙwabta har uku suka sa kore, sai ku zauna ku raba launuka.

Ban ga layinku ba, kuma bishiya ɗaya ko motar da ake ajiyewa a gaban ƙofa tana iya rufe duk abin da na lissafa. Don haka kafin a kafa komai dindindin, ki rataya fitilar na wucin gadi, ki sa wanda bai taɓa zuwa gidan ba ya shigo layin da mota da daddare, sau ɗaya daga kowane ɓangare, da saƙon nan kaɗai a hannunsa. Ki tambaye shi daga ina ya fara hango launin, kuma daga ina ya iya karanta lambar. Idan ya hango launin tun daga gida huɗu ko biyar baya, ya kuma karanta lambar ba tare da ya tsaya cak ba, a ɗaure ta a nan. Idan ba haka ba, a ɗaga ta sama ko a matso da ita bakin titi a sake gwadawa.